Ruwan jakuzi a Damagaram: wa ya taɓa fama da shi?

Malam Sani, Sabon Gari: Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena ya aiko mini da jakuzi na hurawa (babban bahon da ake zama a cikin ruwan ɗumi) daga Faransa saboda ciwon baya, mai cin lita 800. Kwana biyar da cika shi ruwan ya koma kamar na wankin shinkafa, gefensa yana santsi. Na ƙara jabel, idanu suka kama zafi. Bido 40 ne fa, kuma kun san yadda ruwa yake a garin nan, ba na zubarwa ba ne.

Lawali mai kula da pisin (wurin iyo): Wa alaikumus salam Malam. Dakata da jabel tukuna. Nemi 'yan takardun gwajin nan da ake tsomawa su sauya launi. Fara duba pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ana son sa tsakanin 7.2 da 7.8. Jabel kansa ɗaga shi yake yi, in ya haura 8 kuwa sinadarin kulorin da ke cikin jabel, mai kashe ƙwayoyin cuta, ya zama kare marar haƙori, ruwa ya yi gurɓi, farin dattin nan ya manne a bututu. Garin rage pH ake sawa kaɗan kaɗan, famfo yana juyawa, a jira a sake aunawa. In launin yana ta hawa da sauka, duba alkaliniti, wato abin da ke riƙe pH ya zauna wuri ɗaya, 80 zuwa 120 ake so a takardar gwajin, bikarbonat ke ɗaga shi. Sai waɗannan sun zauna ka dawo kan kulorin, kada ya gaza 3 a ruwan ɗumi.

Abdu, Birni: Ni gargaɗi kawai zan yi. Na taɓa zuba asid a bokitin da ragowar jabel ke ciki, don gaggawa. Hayaƙin da ya taso sai da na kwana ina tari, maƙogwaro kamar an zuba barkono. Kowanne da bokitinsa, kowanne da lokacinsa.

Maman Nana, Zango: Malam Sani, su wa ke shiga? Namu yara ne suka lalata shi. Su sha man shafawa tun daga kai har ƙafa, su faɗa ciki, kumfa ta taso. Ranar nan autata ta tashi da ƙuraje a inda wando ya rufe, likita ya ce daga ruwan ne. Yanzu ba mai shiga sai ya watsa ruwa. Lokacin hunturu kuma matatar kullum ja take da ƙura, nakan wanke ta duk kwana biyu, murfi kuwa ba ya sauka.

Lawali: Gaskiyar Hajiya. Ƙari a kai, rana na cinye kulorin, zafi ma haka. A watan Afrilu kada ka kunna abin ɗumamawa ma, ruwan bai kamata ya wuce digiri 40 ba. In an ɗauke wuta famfo ya tsaya, auna kafin kowa ya shiga. Jabel ɗin kuma a ajiye shi a ɗaki mai inuwa, wanda ya daɗe a rana ƙarfinsa ya tafi.

Malam Sani: Na auna, pH ya wuce 8. Na gode. In lokacin sauya ruwan ya yi, zogalena zai iya sha?

Lawali: Wata uku ake sauyawa. Daina sa magani, buɗe murfin kwana uku ko huɗu, in takarda ta nuna ba kulorin sai ka ba shi.