Neman shawara: Gmail ɗin ƙungiyarmu ya cika, saƙo ya daina shigowa

Sakataren ƙungiya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Gmail ɗin ƙungiyarmu ta manoma ya nuna wuri ya cika, masu turo mana saƙo sun ce yana komawa gare su. Na goge saƙonni da dama, babu canji. Akwai kuma rahoto mai nauyin MB 40 da ya ƙi tafiya. Mu koma Yahoo ko Outlook ne?

Baban Khadija: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Kada ka yi gaggawar ƙaura. GB 15 ɗin da Google ke bayarwa kyauta na Gmail ne da Drive (ma'ajiyar fayiloli ta Google) da Google Photos (ma'ajiyar hotuna) a haɗe. Tun Yunin 2021 hotunan da aka ɗora suke shiga lissafin, kuma daga farkon 2024 ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ma ta shiga. Idan akwai wayar da aka saka wannan adireshin a ciki, to yawanci bidiyonta ne suka cinye wurin, rubutaccen saƙo ba ya da nauyi.

Ka buɗe one.google.com/storage, za ka ga abin da kowanne ya ci. A Gmail kuma ka rubuta larger:10M a wurin bincike, manyan saƙonni za su fito. Ka sauke masu amfani a kwamfuta, ka goge sauran. Sannan ka shiga Trash ka share shi, domin abin da aka goge yana zama a can kwana 30 kuma ana ƙirga shi. Drive da Photos kowanne da nasa kwandon, su ma a share.

Maman Yusra: Batun rahoton, iyakar abin da Gmail ke ɗauka a saƙo ɗaya MB 25 ne. In fayil ya wuce haka sai Gmail ya ɗora shi a Drive ya tura mahaɗi (link), shi kuma Drive ba ya karɓar komai in wuri ya cika. Ka fara gyara wurin tukuna. In ka tura mahaɗin, ka ba mai karɓa izinin buɗewa. Saƙonnin da suka riga suka koma kuwa, sai ka nemi masu su su sake turowa.

Injiniya: Ƙaura ba za ta ƙara muku wani abin kirki ba. Outlook GB 15 ne na saƙo, amma fayilolin da ke maƙale da saƙo ana ƙirga su a cikin GB 5 na OneDrive, ma'ajiyar fayiloli ta Microsoft, in ya cika saƙo ya tsaya. Yahoo ya rage nasa daga TB 1 zuwa GB 20 a 2025. Proton Mail ya fi tsare sirri, sai dai na kyautarsa bai wuce GB 1 ba. Ga wahalar sanar da kowa sabon adireshi.

Abin da ya fi damuna da adireshin ƙungiya shi ne lambar wayar da aka haɗa da shi. In ta mutum ɗaya ce, ya bar ƙungiyar ko layinsa ya mutu aka ba wani, dawo da adireshin yana da wuya ƙwarai. Ku saka lambar da ke hannun shugabanni da imel na biyu, ku sauke lambobin shiga na ko-ta-kwana (backup codes) guda 10 da Google ke bayarwa ku adana a takarda.

Baban Khadija: Ƙari ɗaya, Malam Sakatare. In za ku tura sanarwa ga mambobi, Gmail na kyauta ba ya wuce masu karɓa 500 a rana. Ku raba ta kwana biyu in kun fi haka.