Wane suna za mu ba miksar kwaɓa burodi?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu harkar fulawa. Kalmar nan miksa ta ɗauki kayan da ya fi ƙarfinta. Bilendar markaɗen tattasai miksa ce, 'yar ta hannu mai buga ƙwai miksa ce, injin da magina ke kwaɓa kankare ma miksa. Sai ki rubuta yadda ake burodi ki ce a sa a miksa, wata baiwar Allah ta danna kwaɓi mai tauri a bilenda, kafin ta ankara ƙauri ya tashi, injin ya ƙone.

Wadda nake nufi ita ce mai zama kan tebur da kwanonta, irin su Kenwood da KitchenAid. Don burodin ma aka ƙera ta tun farko. Wani injiniyan kamfanin Hobart a jihar Ohio ta Amurka, Herbert Johnston, ya ga mai gasa burodi yana fama da kwaɓi da cokalin ƙarfe a 1908, sai ya ƙera injin da zai yi aikin, ta gida kuma ta shiga kasuwa a 1919.

Da na tambayi mutane sunan Hausa da za mu ba ta, wata yayarmu ta ce injin murji. Yaya, ki yi haƙuri, injin taliya ya riga mu, 'yar murji ba za ta yarda ba. Wani malami ya kawo macuɗi, bisa tsarin mabuɗi da matsefi. Ginin ya yi daidai, Malam, amma ka je kasuwa ka ce wa mai shago kana neman macuɗi, zai ji kamar macuci ka kira shi.

Duk da haka Malam ya taɓo inda aikin yake, don kwaɓawa daban, cuɗawa daban. Kwaɓawa haɗa fulawa ne da ruwa da yis da gishiri har garin ya ɓace. Cuɗawa ce ke tayar da danƙon alkama, wanda ke riƙe iskar da yis ke fitarwa har burodi ya kumbura. Da hannu, ki tura da gindin tafi, ki ninke, ki juya, ki sake turawa, kamar minti 10. Da farko zai maƙale miki a yatsu, ranki ya raya miki ki ƙara fulawa. A nan burodin gida da yawa ke zama dutse. Ki daure ki ci gaba, da kansa zai saki hannun ya yi sumul. Ki tsinki ɗan guntu ki ja a hankali, in ya miƙe ya yi shara-shara bai yage ba, ya cuɗu. Inji ya fi sauri kuma ba ya gajiya, shi ya sa ake tsare shi: in an bar shi ya zarce, kwaɓin ya ɗau zafi ya saki jiki. Ni dai burodi ɗaya ko biyu ba na ta da inji, balle wutar ba kullum take nan ba.

Tunda injin yana yin duka biyun, kuma da kwaɓi yake farawa, na tsaya kan injin kwaɓi. Ya hau layin injin niƙa da injin markaɗe, ko yaro aka aika ba zai ɓata ba.

Kawunansa uku ma ba sai mun wahala ba. Mai wayoyin buga ƙwai maburgi ne. Mai faɗin da ake haɗin kek da shi muciya ce. Lanƙwasasshen ƙarfen burodi kuwa ƙugiyar cuɗa, in ana sauri a ce ƙugiya kawai.

Saura masu gidan burodi. Wancan injin mai gangar ƙarfe biyu da kuke bi da kwaɓi ta tsakaninsu har ya yi santsi, me kuke ce masa a bakin aiki? Kada mu laƙaba masa suna alhali yana da nasa.