Tseren Grand Prix na farko-farko: wa ya yi rajista, wa ya tashi, wa ya tuƙa?

Ɗan_Gareji: Assalamu alaikum jama'a. Ina haɗa jerin direbobin Grand Prix na Faransa tun daga na farko, wanda aka yi a Le Mans ranakun 26 da 27 ga Yuni 1906, har zuwa na 1914. Wanda ya ci na farkon ba ya ba da wahala, duk inda ka duba Ferenc Szisz ne a Renault. Ƙasan jerin ne ke caza mini kai. Wani wuri motoci 34, wani wuri 32. Duk wanda ya taɓa irin wannan aiki, don Allah ya gaya mana yadda ta kaya masa.

Malam_Tarihi: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, babu mai ƙarya a cikinsu. 34 suka yi rajista, 32 suka tashi. Ni na gamu da wannan ne a tseren Lyon na 1924. Jaridun da suka fito kafin ranar sun sa motocin Alfa Romeo huɗu: Campari, Ascari, Wagner, da Enzo Ferrari. E, shi wannan Ferrari ɗin da kowa ya sani. Amma bai tashi ba, ya tattara ya koma Italiya tun kafin tseren, Campari kuma ya ci. Duk wanda ya kwafi jerin jajibiri ya ɗora shi a matsayin sakamako, ya saka Ferrari a tseren da bai yi ba. Tun daga nan kowane suna na rubuta sai na sa kwanan watan jaridar a gefensa. Ta jajibiri niyya take faɗa, ta washegari ce ke faɗin abin da ya faru. In kana son ganin yadda tazarar ke iya faɗi, duba Grand Prix na Faransa a Miramas 1926: Bugatti uku kacal suka tashi, Jules Goux ya ci.

Issoufou_Maraɗi: Malam, gaskiyarka. Ni da Faransanci na yi boko, don haka kai tsaye nake shiga Gallica, rumbun intanet na babban ɗakin karatun Faransa, in buɗe jaridar L'Auto. Kyauta ne, sai dai yana shan data ba kaɗan ba, kuma rubutun ƙanana ne ƙwarai, a waya sai ka yi ta ja da yatsu biyu har idonka ya yi ruwa. Abin da na gani shi ne akwatin bincike ba abin dogaro ba ne. Ka sa "Szisz" ya kawo maka kaɗan, domin 'yan jaridar lokacin sau da yawa "Sisz" suke rubutawa, sunan farko kuma François, ba Ferenc ba. Gara ka buɗe fitowar ranar ka bi shafi-shafi da ido.

Wani abu game da 1906: lambar mota lamba ce da harafi. Kowane kamfani motoci uku ne iyakarsa, lambar ta kamfani ce, harafin na mota. Szisz 3A ne. In ka ga jerin da ya ba shi "3" kawai, mai jerin ya yanke wani abu.

Hajiya_Monza: Ku kuna fama da lamba, ni sunayen ɓoye ne suka sa ni gaba. Na ɗauki Monaco na farko, 14 ga Afrilu 1929, ina ganin abu mai sauƙi ne tunda motoci 16 ne kawai. Wanda ya ci an rubuta "W. Williams". Ashe William Grover-Williams ne, wanda daga baya ya yi wa Ingila aikin asiri a Faransa lokacin yaƙin duniya na biyu, Jamusawa suka kashe shi a sansanin fursunoni na Sachsenhausen a 1945. Na huɗu "Georges Philippe", shi kuma Philippe de Rothschild ne. 'Ya'yan manyan gida da yawa ba sa son a ga sunan gidansu a shafin wasanni. "Sabipa" da ya ci Grand Prix na Italiya a 1926 Louis Charavel ne.

Wanda ya fi ba ni dariya Levegh ne. Na ga sunan a tsere-tseren wajen 1900, na sake ganinsa a hatsarin Le Mans na 1955, na ce wannan wane irin tsawon rai ne a kan sitiyari? Mutum biyu ne. Na farkon Alfred Velghe, wanda ya juya haruffan sunansa. Na biyun Pierre Bouillin, wanda Alfred ɗin kawunsa ne, ya ari sunan don tunawa da shi.

Sannan kada wanda ya ɗauka yadda aka jera motoci a wurin tashi na Monaco 1929 yana nuna gudu. Ƙuri'a aka jefa.

Ɗan_Gareji: Hajiya, Allah ya saka. To a shafina wane suna zan sa, na ɓoye ko na gaskiya?

Hajiya_Monza: Wanda aka yi rajista da shi, tunda shi za ka tarar a jarida. Na gaskiyar ka ba shi layi daban.

Baba_Makanike: Yara, akwai jeri na uku da ba ku taɓo ba: wanda ya riƙe sitiyari. A wannan 1906 ɗin, hanyar ta kai kilomita 103, zagaye 12 cikin kwana biyu, ga zafi, ga kwalta tana narkewa tana shiga idon direbobi. Jenatzy ne ya tashi da Mercedes ranar farko, Burton ya karɓe shi rana ta biyu. Jeri da yawa Jenatzy kaɗai suke sawa. A 1931 abin ya fi haka, manyan tsere awa goma ake yi, direba biyu a mota ɗaya: Chiron da Varzi a Faransa, Campari da Nuvolari a Italiya. Na taɓa zama da hotunan tseren 1914 na kamfanin ɗaukar hoto Agence Rol ina ƙara girmansu ɗaya bayan ɗaya. Lambar da ke jikin mota tana fitowa tas, amma fuska? Tabarau da ƙura sun rufe ta. Hoto zai tabbatar maka mota ta tashi, ba lalle ya gaya maka wa ke ciki ba, rubutun ƙasan hoton kuma wani lokaci ma'aikaci ne ya ƙara shi daga baya.

Abin da ke ci mini rai, a matsayina na mai sana'ar, shi ne makaniken da ke zaune gefen direba. Shi ke canza taya, shi ke lura da mai, hatsari ɗaya suke ciki, amma jeri ya tsallake shi. Na Szisz sunansa Marteau. A Dieppe 1908 Cissac ya mutu tare da makanikensa Schaube. Sai bayan mutuwar Tom Barrett a San Sebastian a 1924 aka daina ɗaukar su a Grand Prix.

Malam_Tarihi: Baba, ka tuna mini da tunanin tsofaffi, wanda shi ma sai an tace. Labarin cewa an haɗa baki a tseren Tarabulus na 1933 saboda kuɗin caca, yadda ya fi yaɗuwa daga Alfred Neubauer, shugaban tawagar tsere ta Mercedes, ya fito, shekaru da yawa bayan abin, alhali Mercedes ba ta shiga tseren ba. Na ajiye shi na koma rumbun jaridar La Stampa ta Italiya na bi rahotannin makon. Kai, Szisz kansa an yi masa sojan gona: ya rasu a Faransa a 1944, amma wani mutum a Hangare ya yi shekaru yana amsa sunansa har ya mutu a 1970. Shi ya sa za ka ci karo da shekarun rasuwa biyu.

Ɗan_Gareji: Na gode ƙwarai. Na raba shafin gida biyar yanzu: sunan rajista, sunan gaskiya, ya tashi ko bai tashi ba, wanda ya karɓa, da makanike. Gidan makanike ne kusan fayau. Malam Issoufou, in ka samu sarari, duba mana L'Auto na ƙarshen Yuni 1906 ko an lissafa waɗanda suka zauna gefen Nazzaro da Albert Clément, na biyu da na uku.

Issoufou_Maraɗi: In sha Allahu ranar Lahadi, in na sa data. Turo mini lambobin motocinsu tukuna.