Spitfire na farko ya ɓaci, me zan gyara kafin na biyu?

Sabon Shiga: Salamu alaikum 'yan'uwa. Na gama haɗa ƙaramin samfurin roba na jirgin yaƙin Birtaniya Spitfire Mk.I, na kamfanin Airfix, ma'aunin 1/72 (wato na gaske ya ninka shi sau 72), amma abin bai yi daɗin gani ba. Gilashin da ke rufe matuƙi ya yi fari kamar hazo, sitikun fuka-fuki kuma suna wani ƙyalli a gefe-gefe. Ina so in sake, sai dai ba na son maimaita kuskure.

Mai Buroshi: Wa alaikumus salam. Da sufa gulu ka manna gilashin, ko?

Sabon Shiga: Da shi ne, Malam.

Mai Buroshi: To shi ne. Tururinsa ke kama gilashin daga ciki. Ka nemi farin gam irin na katako, ka ɗebo kaɗan da tsinken sakace. In ya bushe ba a ganinsa, in ma ya fito waje ka goge da jiƙaƙƙiyar auduga. Gangar jirgin kuwa sai gam ɗin roba mai ruwa-ruwa na kamfanin Tamiya, wato Tamiya Extra Thin. Ka haɗa ɓangarorin biyu tukuna, sannan ka taɓa bakin layin da buroshin, zai bi da kansa ya narkar da robar ta haɗe. Kada ka ɗora yatsa a wurin. Nawa na farko har yau yana ɗauke da zanen babban yatsana a bayan mazaunin matuƙi.

Tsohon Hannu: Ƙyallin sitika kuma iska ce. Fentin da ba ya sheƙi yana da kaushi, ko da ido bai gani ba, sai iska ta maƙale tsakaninsa da sitikar. Maganin shi ne ka bi jirgin duka da fenti marar launi mai sheƙi, ka bari ya kwana. Ka tsoma sitika a ruwa mai ɗumi na ɗan lokaci, ka zame ta daga takardar zuwa wurinta. Akwai ruwan kwantar da sitika iri biyu: Micro Set a ƙasanta, Micro Sol a samanta. Bayan Sol ɗin za ka ga ta yamutse kamar ta lalace. Kar ka taɓa! Tashi ka bar wurin. Da safe za ka iske ta kwanta cikin kowane layi kamar da fenti aka zana ta. Sai a ƙarshe ka rufe da marar sheƙi.

Yaya Babba: Ni shawarata ka koma 1/48. Faɗin fuka-fukin Spitfire na gaske ya ɗan haura mita 11, a 1/72 bai kai santimita 16 ba, a 1/48 kuwa kusan 23 ne. Ga na Tamiya da ya fito a 2018, ɓangarorinsa na shiga juna ba gardama.

Mai Buroshi: Yaya, ban yarda ba. Wanda ke koyo gara ya ɓata ƙanana uku da ya ɓata babba ɗaya. Kuma babba ya fi tona asirin buroshi.

Yaya Babba: Idona ne ya tsufa, shi ya sa.

Sabon Shiga: Launi fa? Na ga wasu kore da ruwan ƙasa, wasu kore da ruwan toka.

Tsohon Hannu: Shekara ce ta raba su. In na yaƙin sararin samaniyar Birtaniya na 1940 kake so, sama kore mai duhu da ruwan ƙasa, ƙasan jirgin kuma launin da suke kira Sky. A fentin kamfanin Humbrol lambobin su ne 30, 29 da 90, cikin mazaunin matuƙi kuma 78. Ruwan tokar a watan Agustan 1941 aka koma masa. Ka fara da mai haske, ka sirka fentin har ya yi ruwa-ruwa, ka shafa sau uku. Shafar farko za ta yi muni, haka take.

Mai Feshi: In ƙara ɗaya kan tsufar da jirgi, don nan mutane ke wuce gona da iri. Matuƙi ta hagu yake hawa, ƙofar ma a hagu take, saboda haka gindin fiffiken hagu ne fenti ya fi ɓarewa. Ɗan soso da launin azurfa, ka dangwala a takarda har ya kusa bushewa, sannan ka taɓa wurin. Amma kada ka sa azurfa a filafilan juyawa na wutsiya da na gefen fiffike. A Mk.I ƙyalle ne aka ɗaura a kansu, ba ƙarfe ba. Na taɓa yin haka, wani ya gani a hoto, kunya ta ishe ni. Hayaƙin salansa kuma siririn layi ne yana bin gefen gangar, ba baƙin tukunya ba.

Sabon Shiga: Allah ya saka da alheri. Sai na sa nauyi a hancinsa? Na ji ana faɗa.

Mai Feshi: A'a, wannan na masu taya a hanci ne irin su MiG-21 da F-16, don kada su zauna kan wutsiya. Spitfire dama kan tayar wutsiya yake zama.

Tsohon Hannu: Wancan da ya ɓaci kuma kar ka yar. A kansa za ka riƙa gwada kaurin fenti kafin ka taɓa sabon.