Folda tana nan, ɗayar kwamfutar ta ce ba ta san da ita ba

Abban Zara:
Assalamu alaikum. Kwamfuta uku ce a gidana, kowacce da irin tsarinta: ta tebur mai Windows 11 a falo, MacBook ɗin uwargida, sai wata tsohuwar laftop da babban yarona ya ɗora wa Ubuntu. Duka a kan rauta ɗaya suke. So nake folda guda ta hotuna da takardun makarantar yara ta zauna a ta falon, kowa ya buɗe daga inda yake, a huta da yawo da filasha. Na danna Share, na ba Everyone izini. MacBook tana neman kalmar sirri, duk wadda aka sa sai ta ƙi karɓa. Ubuntu kuwa ko sunan kwamfutar ba ta gani. Don Allah duk wanda ya taɓa shan wannan wahalar ya faɗa mana yadda ta kaya da shi.

Mai Gyara:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Irin wannan ana yawan kawo mana a Beirut Road, kuma da wuya ka iske wani abu ya lalace. Abin da nake fara gaya wa mutum shi ne ya daina jiran sunan kwamfuta ya fito da kansa a cikin Network. Windows da hanyar da take shelar kanta, Mac da tata wadda ake kira Bonjour, don haka suna iya kwana a ɗaki ɗaya ba su gaisa ba alhali ƙofa a buɗe take. Ka buɗe cmd, wato baƙar tagar rubuta umarni, a ta falon ka rubuta ipconfig, ka kwafi lambar da ke gaban IPv4, misali 192.168.0.105. A MacBook a shiga Finder a danna Command da K, a rubuta smb://192.168.0.105. A Ubuntu a buɗe Files a danna Ctrl da L a rubuta abu ɗaya. In akwatin neman suna ya fito, to hanya ta haɗu, saura maganar wane ne kai. In bai fito ba, duba ko Windows ta ɗauki Wi-Fi ɗin gidanka a matsayin Public. Haka take yi wa sabon netwok, kuma muddin yana haka katangar tsaronta tana toshe ƙofa ta 445 da ake shiga folda ta cikinta. Mayar da shi Private, ka kunna File and printer sharing.

Maman Hanif:
Yaya, maganar kalmar sirrin nan ni ma ta same ni. Maigidana da lamba huɗu yake buɗe kwamfutarsa, ita muka yi ta sakawa a Mac tana ƙi. Ashe wannan lambar a kan na'urar kaɗai take aiki, ba ta tsallakawa ta netwok. Abin da ake nema shi ne imel ɗin asusunsa na Microsoft da ainihin kalmar sirrinsa, wadda shi kansa sai da ya yi dogon tunani kafin ya tuno. Ni kuma ban ga dalilin da zai sa yara su riƙe mabuɗin imel ɗin babansu don kallon hotunan Sallah ba. Ƙanina ya buɗe mana wani asusu na daban a cikin kwamfutar, wanda ba a haɗa da imel ba, ya sa masa suna gida da kalmar sirri mai sauƙi, ya ba shi izini a kan foldar nan kaɗai. Tun ranar ba mu sake jin ɗuriyar matsalar ba.

Baban Gida:
Ni dai abin da ya yi mini aiki shi ne Turn Windows features on or off, na sa alama a SMB 1.0, wato SMB1, tsohuwar hanyar raba folda tsakanin kwamfutoci, na sake kunna kwamfuta, nan take komai ya fito. Ku gwada.

Mai Gyara:
Baba, da girmanka, wannan kam ban goyi baya ba. Da gangan aka fara cire SMB1 daga Windows 10 tun 2017. A watan Mayun shekarar ne ƙwayar cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bi ta wani rami da ke cikinsa ta kulle fayilolin mutane a ƙasashe kusan 150, har asibitocin gwamnati a Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Samba ma, manhajar da Linux ke raba folda da ita, ta kashe shi da ta fitar da sigarta ta 4.11 a 2019. Abin da ya sa ka ga kamar ya gyara, tsohuwar hanyar jera sunayen kwamfutoci ce ta dawo tare da shi. Amma Windows 7 zuwa sama, da Mac, da Ubuntu, duka suna magana da SMB2 ko SMB3, ba sa bukatarsa. Kunna shi kamar ka cire ƙyauren zaure ne don baƙo ya daina sallama.

Baban Gida:
To ai akwai wata mai XP a ɗakina, ita kaɗai ke tuƙa tsohuwar firintata. Yaya zan yi da ita?

Mai Gyara:
XP ba ta san komai ba sai SMB1, wannan gaskiya ne. Ita kam gara filasha. In ya zama dole, a cire ta daga intanet gaba ɗaya.

Ɗan Ubuntu:
Nawa ta ɗaya gefen ne, foldar tana kan Linux, ƙanwata na son buɗewa daga Windows. Na sa samba, na rubuta foldar a fayil ɗin saitinta smb.conf, umarnin dubawa na testparm ya ce babu kuskure, amma sunana da kalmar sirrin da nake shiga kwamfuta da su kullum suka ƙi shiga. Samba tana da nata kundin daban, sai ka rubuta sudo smbpasswd -a da sunanka sannan ta san da kai. Na wuce nan, sai ga foldar tana fitowa, a danna ta ce ba izini. Wannan ya fi ɓata mini lokaci. Foldar tana kan faifan ajiya na waje ne, Ubuntu kuma tana ɗora shi a ƙarƙashin /media/ da sunan wanda ya jona shi, ba ta barin wani ya ratsa. Ƙanwata da nata asusun take shiga, shi ya sa ake korar ta tun daga bakin hanya. Layi ɗaya na ƙara a ƙarƙashin foldar, force user = sunana, aka wuce wurin. Wanda ya kunna ufw, katangar tsaron Ubuntu, kada ya manta da sudo ufw allow samba. Kuma in har kana son sunan kwamfutar ya riƙa fitowa a Network na Windows, akwai ƙaramar manhaja wsdd, aikinta ke nan.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan uwa. Mu a nan Windows ɗinmu da Faransanci take, sai in ga ana cewa Security ina ta lalube. Ga waɗanda suke irina: Partage avancé, Sécurité, Tout le monde, Réseau privé. Kuma a nan tawa ta maƙale. Izini biyu ne a kan folda ɗaya, na Partage da na Sécurité, wanda ya fi tsauri a cikinsu shi ke aiki. Na buɗe na farko gaba ɗaya, na biyun bai san da asusun ba, sai ana ganin folda ba a iya ajiye komai a ciki. Alhaji, ka duba wannan tun da ka ce Everyone kawai ka ba.

Abban Zara:
Allah ya saka da alheri. Netwok ɗin a Public yake kamar yadda Mai Gyara ya ce, na kuma buɗe asusu irin na Maman Hanif. Mac da Ubuntu duka sun shiga jiya da dare. Yau da safe kuma MacBook ta ce ba ta sami sabar ba, wato kwamfutar falon, alhali ba wanda ya taɓa komai.

Mai Gyara:
An ɗauke wuta cikin dare, ko? In rauta ta mutu ta tashi tana iya sake rabon lambobi, wanda ya riga shiga ya riga samu, sai 105 ɗinka ta koma 102, ko ta faɗa hannun wayar wani. Ka shiga shafin rautar ka nemi wurin DHCP, ka ɗaure wa ta falon lamba ɗaya ta dindindin. Kana ciki ka leƙa ko akwai AP isolation a kunne. Wasu ƙananan MiFi da Wi-Fi na baƙi suna ba kowa intanet amma su hana na'urori ganin juna, mutum ya yi ta zargin kwamfuta a banza.

Hajiya Mai Ɗinki:
Ni ba Mac ba Linux, faifai ne jone a bayan rauta da nake tara hotunan samfurin ɗinki, ba shi da kalmar sirri ko kaɗan. Laftop ɗina mai Windows 11 Pro ta sabunta kanta zuwa 24H2, washegari ta ƙi buɗe shi, tana kawo lambar kuskure 0x80070035. Ɗan yayata ya ce tun daga wannan fitowar ta 2024 ba ta yarda a shiga a matsayin baƙo, kuma tana son a sa hannu a kan duk abin da ke wucewa. Ya ce akwai yadda ake kashe dokar, amma ya fi son ya sa wa faifan suna da kalmar sirri a shafin rautar. Da ya sa ma ta ci gaba da ƙi, sai da ya shiga Credential Manager ya goge tsohon bayanin da ta riƙe, ya rubuta net use * /delete, sannan ta tambayi sabon.

Mai Ɗaukar Biki:
Ni shigar ba ta taɓa ba ni wahala ba, saurin ne. Bidiyon kamu da dina kaɗai ya kan haura giga 60, filasha mai FAT32 kuma ba ta karɓar fayil da ya wuce giga 4, shi ya sa na koma wa folda. Ta Wi-Fi na 2.4 sai in tura in tafi masallaci in dawo bai kai rabi ba. Kebul na saya na jona duka biyun a rauta, yanzu kafin in gama shan shayi an gama. Abu biyu kuma ga masu haɗa Mac da Windows. In foldar a kan Mac take, kunna File Sharing kaɗai bai isa ba, sai ka shiga Options ka sa alama a kan asusunka a ƙarƙashin Windows File Sharing. Sannan za ku ga wasu fayiloli irin .DS_Store da masu farawa da ._ sun bazu a folda. Yarona na shago ya ɗauka ƙwayar cuta ce har ya fara shirin wanke kwamfuta. Mac ce ke ajiye bayananta a ciki, ba sa cutar da komai. Abin da ke cutarwa shi ne sunan fayil mai alamar tambaya ko ɗigo biyu, Linux tana yarda da shi, Windows ba ta yarda, sai kwafi ya tsaya a tsakiya ko sunan ya koma wasu haruffa marasa ma'ana. Ƙ da ɗ da ɓ kuwa ban taɓa ganin sun kawo cikas ba, ku rubuta sunayenku da Hausa yadda kuke so.