Waɗanda suka taɓa shiga tsohuwar masana'antar ƙarfe ta Duisburg, ya kuka gan ta?

Baƙon Ruhr: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yara sun tasa ni gaba sai an kai su Landschaftspark, wurin shaƙatawa da ke Duisburg a Jamus, a hutun nan. Na san dai a da masana'antar narka ƙarfe ce ta kamfanin Thyssen a unguwar Meiderich, an kafa ta a 1901, aka kashe wutarta a 1985. Ni ƙasar wurin ce ke damuna. Shekara 80 da ɗoriya ana jibge kashin maƙera da dattin kwal, yau a ce yaro ya zauna ya yi wasa a kai? Wanda ya je ya ba mu labari.

Uwar Biyu: Wa alaikumus salam. Malam, ka kai su, ba a ma biyan kuɗin shiga. Akwai wani dogon bututun zamiya da ya ratsa bangon rumbunan da ake tara tama a da, nawa da ƙyar na ɓamɓare su daga wurin. Ka dai sa musu takalmi mai kama ƙasa, kuma ban da fararen kaya, don tsatsa ba ta da kara.

Tsohon Injiniya: Ƙanina, tambayarka tana kan hanya. Ba kwashe ƙasar aka yi gaba ɗaya ba. Peter Latz, mai zanen wuraren shaƙatawa wanda tsarinsa na gyara wurin ya yi nasara a 1991, cewa ya yi a bar masana'antar a tsaye. Ƙasar da gubarta ta yi yawa aka zuba ta cikin waɗansu tsofaffin rumbunan kankare aka rufe, mai dama-dama kuma aka bar ta a inda take, tsirrai suna aikin tsabtace ta a hankali. Shi ya sa za ka ga lambu a cikin ganuwar kankare, ka ga bishiya ta fito ta tsakanin layin dogo.

Abin da ya fi tsayar da ni shi ne ruwan. Tsohon kogin Emscher da ya bi ta nan magudanar ƙazanta ce a buɗe, ta gidaje da ta masana'antu. Aka tura ƙazantar cikin bututu a ƙarƙashin ƙasa, aka bar wa ruwan sama hanyar. Na tsaya a kan wata ƙaramar gada ina kallon ciyawar ruwa har ƙasa, garau. Wanda ya yi aikin magudana ya san wannan ba aikin kwana ɗaya ba ne. Dukansa cikin shirin farfaɗo da yankin Emscher aka yi, na 1989 zuwa 1999, wurin kuma aka buɗe shi a 1994, hekta kusan 180.

Ɗalibi Mai Keke: Baba ya gama magana. Ni tanderun narka ƙarfe na 5 na hau, mita 70, matakalar ƙarfe ce mai raga, kana hangen ƙasa ta ƙarƙashin ƙafarka. Tun a tsakiya gwiwa ta fara rawa, ga wata dattijuwa ta wuce ni ko haki ba ta yi. Ƙaton tankin iskar gas na masana'antar kuma ruwa aka cika shi da shi, zurfin mita 13, masu koyon nutso ke shiga. Ku tsaya har dare a ƙarshen mako, ana haska bututun hayaƙin da ja da kore da shuɗi.

Direban Dare: Ni fa ku yi haƙuri, ban ji daɗin da kuke ji ba. Da maƙwabcina muka je, dattijo ne Baturke, ya yi aikin ƙarfe a garin har aka sallame su. Muna isa gaban tanderun ya shiga nuna min inda narkakken ƙarfe ke kwararowa, da inda mutum ke tsayawa da doguwar sanda, zafi na dukan fuskarsa. Ana cikin haka ga amarya da ango sun zo ɗaukar hoto, mai hoton ya ce mu ɗan matsa. Dattijon ya matsa bai ce uffan ba. Wuri ya yi kyau, babu musu, amma fitilu masu launi ba su mayar wa kowa da albashinsa ba.

Tsohon Injiniya: Gaskiyarka, ɗan'uwa. Sai dai ka duba masana'antar ƙarfe ta kamfanin Krupp da ke Rheinhausen a garin nan. Ma'aikata suka yi ta zanga-zanga tun 1987, aka rufe ta a 1993, aka rushe, yanzu filin sauke kaya ne da ɗakunan ajiya. Can ko inda maƙwabcinka zai nuna da yatsa da wuya ya samu. Ta Meiderich mutanen gari ne suka tashi suka hana a rushe ta.

Hajiya daga Amurka: Mu ma muna da irinsa a Seattle, Gas Works Park. Masana'antar gas ce daga 1906 zuwa 1956, aka buɗe ta ga jama'a a 1975. Amma mu hasumiyoyin a killace suke da waya, kuma har gobe an hana iyo a bakin tafkin da ke gefen wurin saboda gubar da ta kwanta a laka. Jikokina a kan tudun ciyawa suke wuni. Malam, duk inda ka ga allon gargaɗi ko shinge, kada ka bari yaro ya tsallaka, kuma a wanke hannu kafin a ci wani abu.

Uwar Biyu: Na manta, tanderun nan akan rufe shi in ana iska mai ƙarfi ko ƙanƙara. Ka duba yanayi kafin ku fito, kada ka yi wa yara alkawarin hawa.