Kansar kai da wuya: mara lafiya zai iya atisayen ƙarfafa tsoka ana tsakiyar gashi (radiotherapy, wato ƙona kansar da hasken na'ura)?

Mai Jinya: Assalamu alaikum. Wanda ake yi wa gashin kansar maƙogwaro na mako 7, haɗiya ta yi masa wuya, yana ta ramewa, ya dace ya yi atisaye? Ko hakan zai ƙarasa ɗan ƙarfin da ya rage masa?

Likitan Fisiyo (likitan motsa gaɓoɓi): Wa alaikumus salam. Ya dace, muddin likitansa ya amince. A irin wannan rama tsoka ce ta fi tafiya, yawan kwanciya kuma ƙara cinye ta yake yi. Ya yi sau 2 ko 3 a mako, da hutun kwana ɗaya a tsakani: tashi da zama a kujera, hawa matakala, tura bango, da jan robar atisaye zuwa ƙirji. Kowanne sau 8 zuwa 12, zagaye biyu, ba tare da riƙe numfashi ba. In 12 ta zo da sauƙi, a ƙara nauyi kaɗan. Nan ne mutane suka fi yin sake, sai su daɗe a nauyi ɗaya tsokar ba ta ƙaru ba. Idan gyambon baki da gajiya suka tsananta, a koma zagaye ɗaya, kada dai a daina. Binciken DAHANCA 25 na Denmark ya nuna atisayen mako 12 bayan gashi yana maido da tsoka.

Mai Kula da Abinci: Atisaye ba ci, ƙarin rama ne. Yana bukatar furotin (sinadarin abinci mai gina jiki) giram 1.2 zuwa 1.5 ga kowane kilo na nauyinsa a kullum, wato mai kilo 60 giram 72 zuwa 90. A auna shi duk mako. In ya rasa kashi 5 cikin ɗari na nauyinsa, a tayar da zancen bututun ciyarwa da wuri.

Nas ɗin Sashen Kansa: Ranar da zazzaɓi ya kai digiri 38, ko yana jiri, ko ƙwayoyin daskarar da jini suka sauka ƙasa da 50,000 a gwajin jini bayan kemo (magungunan kashe ƙwayoyin kansa), babu atisaye. Wanda aka cire wa kaluluwar wuya kuma kada ya ɗaga kaya sama da kai sai fisiyo ya duba kafaɗarsa, domin tiyatar takan taɓa jijiyar da ke riƙe ta.